Tsawar da Aka Daka wa Baffa

Tun da Safiyatu ta ji gyaran muryar Baffa Iliyasu a ƙofar ɗakin Gwaggo Hure gabanta ya faɗi. Baffa ba ya shigowa cikin gida da hantsi sai da magana, kuma maganar da ta hana gidan sakat a bana guda ɗaya ce: aurenta.

Shi ne waliyyinta tun rasuwar mahaifinta. Shi ya riƙe ta har ta gama karatun koyarwa, ta fara aiki a firamaren ƙauyensu da ke gefen Makoda. Ba mugu ba ne, kada a zalunce shi. Mutum ne dai wanda in ya kafa ƙafa a wuri, ko shanun huɗa aka ɗaura masa ba zai motsa ba.

Ya zauna a bakin tabarma, ya tattare rigarsa.

"Nababa ya sake turo magabatansa," ya ce. "Yaro mai fadama a Watari, rani da damina hannunsa na cikin ƙasa. A wannan zamanin da kwanon gero ya gagari mai albashi, gidan da ba a awo ai shi ne gida. Me kuma kike nema?"

Safiyatu ta sunkuyar da kai, hawaye suka fara ɗiga a kan hijabinta.

"Ka yi haƙuri, Baffa. Badaru nake so."

"Badaru. To, gaya min sana'arsa."

"Ma'aikacin gandun daji ne, Baffa. Yana ɗaukar baƙi a mota ya zaga da su, in sun so kuma ya hau da su kan tsauni a ƙafa."

"Su yi me a kan tsaunin?"

"Su gani."

"Su ga me?"

Ta ce a hankali, "Tsaunin."

Gwaggo Hure, ƙanwar Baffa, ta toshe baki da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Ya watsa mata harara, dariyar ta koma ciki.

A yi masa adalci. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, gona manne da gona, ko wurin da akuya za ta kwanta sai an san mai shi. Ƙarancin ƙasar ne ma ya kori Badaru daga ƙauyen, don da aka raba gadon ubansa abin da ya samu bai fi a shanya dawa a kai ba. Abin da ya fi komai tsawo a garin bishiyar kuka ce, ita ma ba mai hawanta sai mai neman ganyen miya. A ce wai mutum da hankalinsa zai baro gidansa, ya ƙona mai a wannan tsadar, don kawai ya hau dutse ya tsaya yana kallo? Kan Baffa ya ƙi ɗauka.

Ga shi kuma shekarun sun zo da wuya. An kai lokacin da in aka ce wane yana daji, sai a rage murya a waiga. Nababa bai taɓa fitowa fili ya faɗi komai ba, wayonsa ya wuce nan. Sai dai ya zo gaisuwa da kwandon tumatir, ya durƙusa ya ce, "Allah dai ya tsare mana matasanmu, Baffa. Mutum ya ɓace wata da watanni, ya dawo da kaki da manyan takalma..." Sai ya bar maganar a nan ta yi aikinta.

"Na san uban Badarun nan," Baffa ya ci gaba, "ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Amma kuma ba zan ba da 'yar ɗan'uwana a kan labari ba. An ce ya kawo motar wurin aikinsu gyara Kano, zai koma da ita. To, da ni zai koma. Ke ma za ki, Hure ta raka ki, don kada gobe ki ce an yi masa ƙage. In muka dawo ban gamsu ba, ranar kasuwar Tsanyawa zan ba Nababa amsa."

Yana fita Safiyatu ta faɗa cinyar Gwaggo.

"Gwaggo, wallahi in aka ba ni Nababa, gangar jikina kawai za a kai masa."

"Yi shiru, 'yar nan. Tunda Yaya ya ce zai je da ƙafarsa, ai ƙofa ba ta rufe ba. Ni dai damuwata gwiwoyin nan nawa."

* * *

Ranar tafiya Baffa ya fito cikin shuɗiyar babbar riga ta shadda, ta sha sitaci har tana ƙara, da hula zanna-bukar, da sabon takalmi sau-ciki mai santsin ƙasa. A wurinsa binciken aure ne, kuma ba a zuwa binciken aure a wulaƙance.

Badaru ya durƙusa har ƙasa ya gaishe shi. Dogon saurayi ne baƙi, mai ƙarancin magana. Idonsa ya sauka a kan takalmin, ya buɗe baki, ya sake rufewa. Safiyatu ta gani, ta kuma gane. Wa ya isa ya ce wa mutumin da yake neman 'yarsa takalminsa bai dace ba?

Nababa ma sai da ya zo rakiya a kan babur ɗinsa, yana murmushin da bai kai ido ba.

"Allah ya tsare hanya, Baffa. A dai riƙa waige."

Titi fayau, tsadar mai ta kwashe motoci, sai shingayen jami'an tsaro da ba sa ƙarewa. Sun kwana a hanya. Washegari ƙasa ta fara canzawa. Hanya ta daina miƙewa, ta koma naɗewa kamar rawani, tana hawa, tana hawa. Kunnuwa suka toshe. Gwaggo ta ƙanƙame kujerar gaba, duk addu'ar da ta sani sai da ta karanta, da ta ƙare ta sake ɗaukowa daga farko.

Safiyatu kuwa, duk da nauyin da ke ƙirjinta, sai ta tsinci kanta manne da gilashi. Tsaunuka kore shar a jere har iyakar gani. Ruwa fari fat yana zubowa daga sama ta tsakanin bishiyoyi. Birai suka tsallake titi ba ko gaggawa, wata da ɗanta manne da cikinta. A wata kwana ta leƙa, ta ga gajimare a ƙarƙashinsu.

"Subhanallah," ta ce, ba ta san ta faɗa ba.

Badaru ya ɗago ido ta madubi, suka haɗa ido, ya yi maza ya mayar da nasa kan hanya.

"Tsaya," in ji Baffa.

Ya sauka, ya tattare riga, ya tsuguna ya damƙi ƙasa, ya murza ta, ya shinshina. Baƙa ce wuluk, mai danshi.

"Gonar wa ce nan?"

"Ba ta kowa ba ce, Baffa. Hukuma ta hana noma da sara da farauta, an bar wa namun daji."

"Duk wannan?"

"Duk, har bayan wancan tsaunin."

Baffa ya daɗe bai miƙe ba. Shi da ya shekara yana gaba da maƙwabcinsa a kan iyakar gona da ba ta wuce faɗin fartanya ba.

"Innalillahi," ya ce, da muryar mai ta'aziyya. "Ko taki ba ta so."

A masaukin gandun suka tarar da baƙi, samari da 'yanmata 'yan birni, jakunkuna a baya, sanduna a hannu, sun sauko daga tsauni suna haki suna dariya. Suka kewaye Badaru suna "Oga, Oga," suna nuna masa hotuna a waya. Baffa ya ƙare musu kallo, ya karkato wajen ƙanwarsa.

"Hure, lafiyarsu ƙalau kuwa?"

Zuciyar Safiyatu ta ɗan yi sanyi. Ko ba komai ya ga aikin ba ƙarya ba ne, kuma ba abin da Nababa ke nufi ba ne. Amma Baffa bai gama ba.

"Gobe zan hau," ya ce. "In ga abin da suke gani."

* * *

Dokar aikin a bayyane take, har a allo an rubuta ta a gindin tsaunin: jagora ne a gaba, ba mai wuce shi. Sai dai dokar da Badaru ya tashi da ita ta girmi allon. A garinsu yaro ba ya shiga gaban babba, balle suruki. Da Baffa ya sa kai gaba yana kaɗa riga, sai Badaru ya koma can baya, bayan Gwaggo ma, da gorar ruwa a hannu, kai a ƙasa.

Da farko ba matsala, hanyar ɗaya ce. Iska mai sanyi, ciyawa jiƙe da raɓa, tsuntsaye iri-iri suna ta hayaniyarsu. Gwaggo ta samu sanda, tana hawa tana yi wa soyayya Allah-ya-isa.

Can sama hanya ta rabu biyu. Ta dama siririya ce, ta kurɗa cikin duwatsu. Ta hagu faffaɗa, ta sha taku, kamar burtalin shanu. Baffa bai ko tsaya ba ya bi ta hagu. A ƙasarsu babbar hanya ita ke kai mutum gari, siririya kuwa gonar wani take shiga.

Badaru ya matso kusa da Gwaggo, murya ƙasa-ƙasa.

"Gwaggo, ko za a sanar da Baffa ta dama ce tamu? Wannan ta namun daji ce."

"Yaya! Wai ta dama ce."

"Wa ya ce?" Baffa bai juyo ba. "Tun kafin a haife shi nake kora shanu har Nijar. Hanya ce zan kasa ganewa?"

Badaru ya bi.

"Ka yi magana mana!" Safiyatu ta raɗa masa.

"Da wane bakin? Bari ya gaji ya zauna, sai in lallaba in juyo da mu."

Baffa bai gaji ba. Manomi ne, ƙafarsa ta saba. Gajimare ne ya riga gajiyar zuwa. Ya taso daga ƙasa ya lulluɓe su kamar an watsa auduga, har Safiyatu ta daina ganin komai sai shuɗin rigar Baffa yana ɓacewa yana bayyana. Ta ji numfashin Badaru ya canza a bayanta.

"Baffa," ya kira a ladabce. "Baffa, a ɗan dakata."

Rigar ta ci gaba da tafiya.

"Baffa, don Allah..."

Ko iska ce ta kwashe muryar, ko Baffa ne ya ga dama ya ƙi ji, Allah kaɗai ya sani. Sai gorar ruwa ta faɗi ƙasa. Badaru ya wuce Safiyatu, ya wuce Gwaggo a guje, ya buɗe murya da wata irin tsawa da ba ta taɓa zaton tana cikin ƙirjinsa ba.

"Kai, Iliyasu! Tsaya nan! Kada ka ƙara ɗaga ƙafa!"

Duwatsu suka amsa. Iliyasu. Iliyasu.

Baffa ya ƙame wuri ɗaya. Ba haɗari ya gani ba, mamaki ne ya daskarar da shi. Yana yunƙurin juyowa santsin takalmi ya kwashe shi a kan jiƙaƙƙen dutse. Badaru ya cafki wuyan rigar ya fizgo da dukkan ƙarfinsa. Shadda ta yi ƙara ta yage, su biyu suka zube a ciyawa, yaro a kan babba.

Iska ta ɗan ja gajimaren gefe, sai suka gani. Hanyar dabbobin ta karya kwana ne ta bi gefe, Baffa kuwa ya miƙe. Gaban inda ya tsaya babu ƙasa. Dutsen ya yanke kawai kamar an sa wuƙa, can ƙasa kawunan manyan bishiyoyi sun koma kamar shukar gyaɗa. Hularsa da takalminsa ɗaya sun riga sun tafi.

Gwaggo ta zauna daɓas tana salati.

Badaru ya tashi. Ya cire nasa takalman, ya durƙusa ya sa wa Baffa, ya ɗaure igiyoyin. Sannan ya shiga gaba ba takalmi.

"A biyo ni. Inda na taka a taka."

Baffa ya bi, kai ba hula, riga a yage har gadon baya. Har suka sauka bai ce uffan ba. Safiyatu ta san wannan shirun. Irinsa ya yi kafin ya raba gona da ɗansa na cikinsa.

* * *

A bakin famfon bayan masauki Safiyatu ta sami Badaru, yana wanke ƙafafunsa da duwatsu suka yayyanka. Gwaggo ta zauna nesa kaɗan ta ba su baya, wai tana murza gwiwa.

"Ka kira sunansa, Badaru."

"Na sani."

"Gatsau. Har da kai. Gwaggo da suka fito ciki ɗaya ba ta taɓa furta sunan nan ba."

"Na sani, Safiya."

"Ka kayar da shi, ka yaga masa riga, ka bar shi kai ba hula a gaban mata." Muryarta ta karye. "Shi ke nan. Nababa ya samu."

Ya ɗago, idanunsa sun yi ja.

"Na kira shi Baffa, bai tsaya ba. Na san abu ɗaya ne zai tsayar da shi. Ina faɗa ina jin na rasa ki. Amma ki gaya min, da in mayar da ke gida da gawarsa fa? Gawar ma da wuya a samu. Gara a hana ni ke yana raye."

"Ni fa? Ka tuna da ni?"

"Ke na tuna. Shi ne uban da ya rage miki."

Nan kukan ya ƙwace mata gaba ɗaya. Tana jin haushinsa, tana jin sonsa ya ninka, ta rasa da wanda za ta fara.

"Wallahi ko an kai ni gidan Nababa..."

"Kada ki rantse. In ya hana, ki yi masa biyayya. Ni ne na jawo."

"Ba zan iya ba, Badaru. Wallahi ba zan iya ba."

Gwaggo ta fyace hanci ba tare da ta juyo ba.

"Ku dai yi ta yi. Ga shi can ya idar da la'asar, yana kiranku."

* * *

Baffa yana zaune a kan darduma a baranda. An ara masa hular sanyi ta ma'aikata, ta zauna masa kamar an kifa ƙwarya, amma ba wanda ya ga fuskar yin dariya. Badaru ya durƙusa daga nesa. Safiyatu ta ɓuya a bayan Gwaggo.

"Matso."

Ya matso a kan gwiwoyinsa.

"Rabon da wani ya kira sunana haka," Baffa ya ce a hankali, "tun mahaifiyata na da rai. Ita ma sai in na yi ɓarna."

"Baffa, na tuba, a yafe..."

"Rufe min baki, ban gama ba. Ka yi laifi, babba ma. Ka san shi?"

"Na ɗaga murya, na kira..."

"A'a. Tun a mararraba ka san na ɓata. Ka sani sarai, ka bar ni ina jan mata biyu zuwa halaka, wai kai mai kunya. Kunyar da za ta kai suruki lahira, ina amfaninta? Aikinka ne ka shiga gaba, ka ƙi. Wannan ne laifinka."

Badaru ya ƙara sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Baffa."

"Ni ma da nawa. An gaya min, na ƙi ji."

Gwaggo ta zaro ido. Tun da take ba ta taɓa jin irin wannan magana daga bakin yayanta ba.

Baffa ya ja carbi, ya dubi tsaunin da rana ta fara yi wa ja.

"Ina saukowa ina tunani. Da Nababa ne a bayana, da yanzu yana can sama yana cewa haka ne Baffa, hanyar ke nan Baffa, ni kuwa ina ƙasa. Kowa a gidana haka yake ce min. Ban san na gaji da ji ba sai yau."

Ya nuna Safiyatu da haɓa.

"Wannan da kake gani tana sunne kai, kafiyar gidanmu ta kwaso kaf. Wata rana ita ma za ta kafe a kan abin da zai cuce ta. Ina so in mutu na san akwai wanda zai tsayar da ita, ko da za ta yi fushi." Ya numfasa. "In an yi girbi ka turo magabatanka. Na ba ka."

Gwaggo Hure ta manta da gwiwa. Ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa, tsaunuka suka karɓa suka mayar mata, har ma'aikata suka fito a guje suna tambayar lafiya.

"Hure! Nan gidan biki ne? Kuma ki ji da kyau, abin da ya faru a can sama, a can ya tsaya."

"Haba Yaya, wa zan gaya wa?" in ji ta, ana gani a fuskarta ta riga ta zaɓi gidan da za ta fara shiga.

Badaru ya kifa goshi a ƙasa don godiya.

Safiyatu ta so ta tashi ta je gaban Baffa ta durƙusa. Ta yunƙura, ƙafafun suka ƙi. Wani abu da ya daɗe tokare a ƙirjinta ya sauka gaba ɗaya, ya tafi har da ƙarfinta. Ta koma ta zauna, hawaye na bin kumatu, tana dariya a lokaci guda. Daɗi ne tsagwaronsa, irin wanda ta fid da rai da shi.

"Ke kuma fa?" in ji Baffa. "An ba ki abin da kike so. Taso mana."

"Baffa, ƙafafuna ne suka ƙi ɗaukata."

Ya daɗe yana dubanta, irin duban da mahaifinta yake yi mata. Sannan ya rage murya yadda ma'aikatan ba za su ji ba.

"Zauna abinki, 'yata. Ni ma nawa tun daga can sama suke rawa. Me kika zaci ya sa na yi la'asar a zaune?"